Kalmomin da Ka Tsallake

Fremantle, 9 ga Maris

Yaya Declan,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sawwaƙe muku sanyin Kanada. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da ke taɓa ta, amma ba ta hana ta zuwa kasuwar kifi ba.

An yanke hukunci a shari'armu ranar Talata. Ka san kamfanin nan da ya kwaikwayi fentin da Baba ya ƙirƙiro, mai hana ƙarfen jirgin ruwa tsatsa. Hujjarsu ita ce, takardar mallakar fasahar Baba ta ce a shafa fentin "a kan ƙarfe", su kuwa sai sun fara shafa wani siririn fenti tukuna, wai don haka nasu ba a kan ƙarfe yake ba. Da alƙali ya yarda da su, da masana'antarmu ta rufe. Kwana uku manyan lauyoyi suna ja-in-ja! Mama ta ce da an tambaye ta da ta hutar da su: farantin da ke kan tebur, don an shimfiɗa zane a ƙarƙashinsa, ya sauka ke nan? Tsoho Vella, da ya shekara arba'in yana fentin jirage, ya ba da shaida. Ya ce wa lauyansu, "Ɗana, duk wanda ya shafa fenti a tsuran ƙarfe, kafin rana ta yi tsaka an sallame shi." Alƙali ya ce yadda masu sana'ar suka fahimci kalmar, haka zai karanta ta. Mun yi nasara.

Ga dalilin wasiƙar nan. Lauyarmu ta ce da takardar ta ce "kai tsaye a kan ƙarfe", da ba mu da bakin magana. Ka tuna wanda ya tsallake "kai tsaye" ɗin nan lokacin da yake buga takardar? Shekara goma sha ɗaya Baba yana cewa ka lalata masa aiki, dalilin da ya sa ka tattara ka tafi. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ashe wani hanin ga Allah baiwa ne.

Ka san Baba da rowar magana. Muna isowa gida daga kotu ya buɗe tsohon ɗakinka, ya fitar da gwangwanayen fentin da ya jibge ciki, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi a taya shi. Sannan ya ce in gaya maka ɗakin ya samu.

Ka gaishe mini da matarka Ingrid, da yaranku Tova da Anselm. Mama da Goggo Noelene suna gaishe ku. Sai ka zo.

Ƙanwarka,
Merrin