Alhajin da Ke Neman Shagon Baba

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fatan Yaya Rabi da yara suna lafiya. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, titin tashar jirgi ba yadda ka bar shi yake ba. Kantin atamfar Bayaraben nan ya koma gidan cacar kalo-kalo, shagon gyaran rediyo kuma cacar ƙwallo ake yi a ciki. Manomi zai sayar da audugarsa, ya faɗa can kafin ya ga gida.

Ranar Litinin wani baƙon Alhaji ya zo neman hayar shagon ɗinkin marigayi Baba, wai magani zai sayar. Na ce, "Alhaji, wane irin magani?" Ya yi dariya ya ce, "Kowane iri, Malam Sani." Sai ya tambaya ko za a toshe tagar titi, a fasa ƙofa ta baya. Ina ka taɓa ganin mai magani yana gudun idon jama'a? Da ya fita na bi shi da kallo, gidan kalo-kalo ya shiga, ma'aikatan suka miƙe suna gaishe shi.

Kawu Musa ya matsa mini in ba Alhajin makullin shagon, har ina zargin bakinsu ɗaya. Na ce sai na ji daga gare ka. Don Allah ka amsa da wuri, ka kuma sa mu a addu'a.

Gai da su Malam Isa. Inna tana gaishe ku, makullin ma yana ɗaure a bakin zanenta. Ta ce muddin tana numfashi ba za a yi caca a inda Baba yake shimfiɗa buzun sallarsa ba.

Ƙaninka,
Sani, Funtuwa