Baburin Suruki

Kusada,
2 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga ƙanena Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar gwiwarka da mutanen Kankia, ina fata ruwa ya sauka muku yadda ya sauka mana.

Ni yayarka ce, ba kunyarka nake ji ba, don haka zan faɗa maka abin da kowa ya kasa faɗa. Ɗiyarka Jamilatu na da ciki wata shida. Ka san yadda na bara ya ƙare. Ungozomar asibiti ta ce lalle ta riƙa zuwa awo duk mako biyu, kuma kada a kuskura ta haihu a gida. Na ce ta dawo wurina nan Kusada, ta ce sai watan tara ya kama, don babu mai kula da tsohuwar mijinta, wadda idonta ya tafi. Kai ma ka san in ruwa ya zauna mota ba ta shiga unguwarsu ta bayan Mawashi.

Awo biyu ke nan ba ta zo ba, kuma baburin nan naka ne sanadi. Mai dogayen ƙafafun nan da ka yi shekara tara kana shiga ƙauyuka da shi kana aikin malamin gona, wanda ka ba mijinta Salman da ka ajiye aiki. Ranar da ya kawo ta a kansa, ta sauka tana riƙe da ƙugu, fuskarta ta yi fari. Ta ce duk ramin da aka shiga sai ta ji kamar an ɗaga ta an buga da ƙasa.

Na ce wa Salman ya kai a duba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, ranar da Baba ya ba ni makulli ya ce shi ya ɗaure shoka da hannunsa, kada in bari kowa ya taɓa." Na ce, "To kai ka taɓa mana." Ya ce, "Ai ni ma kowa ne." Malamin makaranta guda, mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ga abin da ya amsa mini.

Shi ba zai iya kallon surukinsa ya ce ɗaurinsa bai yi ba. Ita ba za ta iya faɗa wa ubanta tana da ciki ba. Kai kuma kana can kana cika baki a majalisa. Ka rubuta masa, tsoro nake ji.

Yayarka,
Iyatu.

*

Kankia,
6 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga Malam Salman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifiyarka da sauran iyalin gidanka.

Na samu labarin cewa babur ya yi muku tauri. Ka sani ba laifin ɗaurina ba ne. Ni mutum ne mai jiki, kuma ban taɓa fita ba sai da buhun taki ko na iri a baya, shi ya sa na kai shoka mataki na biyar, na ƙarshe. Kai kuwa ko da rigar sanyi ba ka kai rabina ba. Na ba ka izini ka sassauta, amma da hannunka, a gida. Kada ka kai wa bakanikan bakin kasuwa, su a wurinsu babur mai tauri shi ne mai ƙarfi.

Ga yadda za ka yi. Ka kife turmi ka ɗora cikin babur a kai, har tayar baya ta bar ƙasa. Ka zaro kara miƙaƙƙe daga danga, ka kafa gindinsa a kan notin tsakiyar taya, ka yi masa tsaga daidai inda ya taɓa ƙarfen kariya, wurin ɗaura kaya. Sannan ka sauke babur ka hau, a ɗora maka buhun gero a baya wanda ya kai nauyin wanda kake ɗauka. Da buhu za ka gwada, ba da mutum ba. Wani ya sake kafa karan. In kariya ta sauka yatsu uku ƙasa da tsagar, ya yi. In ba ta kai ba, ka juya zoben shoka mataki ɗaya baya ka sake gwadawa.

Ƙafafun gaba kuma, wato shoka biyun da ke riƙe da tayar gaba, baƙin mai ne a ciki, ya yi kauri. Ka kwance ƙananan notin ƙasa ya tsiyaye, ka zuba jan mai irin na sitiyarin mota, gwangwanin madara ɗaya kowace ƙafa. Gwangwani guda za ka auna da shi, kada wata ta fi wata. Ka ɗaura zare a jikin ƙarfen mai ƙyalli, bayan tafiya zai nuna maka iyakar inda ƙafa ta nutse. Ka rage iskar taya kaɗan. Daga ƙarshe ka duba sarƙa kana zaune a kai, kada ta yi tsam.

In ka bi wannan babu abin da zai rage. Shekara tara babu noti ɗaya a jikin baburin nan da ban san shi ba.

Allah ya tsare hanya, ya raba lafiya da dukan abin da ake tsoro.

Dawuda Manu.

*

Mawashi,
19 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyata tana gaishe ku, mutanen gida ma suna durƙusawa.

Takardarku ta iso, na karanta ta sau uku. Ƙafafun gaba sun yi daidai yadda kuka ce, zaren yana hawa yana barin yatsu biyu a sama.

A baya ne na samu matsala. Na sauko daga mataki na biyar zuwa na huɗu, kara bai nuna komai ba. Na sauko har na ɗaya, da ni da buhu, kariya ba ta sauka ko yatsa ɗaya cikakke ba. Na ɗauka ni ne ban iya awo ba, na canza kara, na sake tun daga farko. Haka dai.

Baba, a nan ne na wuce iyakar da kuka ba ni, kuma ina neman gafara. Na yi tunanin in sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen shoka, ya yi laushi amma taya ta ƙi motsi, to wani abu ne daban ke riƙe da ita. Na mayar da babur kan turmi na cire shoka gaba ɗaya. Hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya kamata ya faɗo ƙasa da kansa. Sai ya tsaya a sama, sai da na taka shi da ƙafa kafin ya motsa.

Dogon ƙarfen da hannun ke juyawa a kansa ne ya kama. Kwana uku ina ɗiga masa kananzir safe da yamma kafin ya yarda ya fito. Na goge shi da takarda mai kaushi, na samo a Kusada sababbin zobba biyu irin waɗanda ƙarfen ke juyawa a cikinsu, na cika da giris na mayar. Wataƙila ruwan da na shiga da shi kwanakin baya ne ya jawo.

Yanzu a mataki na biyu kara ya nuna yatsu uku cif. Na bi hanyar Kusada sau huɗu da buhun gero kafin na ɗauki mutum. Shekaranjiya an je inda ake zuwa, an dawo lafiya, an ce komai yana daidai.

Duk albarkacin koyarwarku ne. Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Salman.

*

Kusada,
21 ga Yuni, 1998.

Dawuda,

Salamu alaikum, ya gwiwa.

Ka buɗe ƙullin tsumman da ke cikin ambulan nan. Zoben da Salman ya ciro ke nan daga baburinka. Na ɗauke shi ne daga aljihunsa da ƙarfin tsiya, yana shirin jefa shi a rami don kada ka gani. Ka dube shi da kyau ka gaya mini ko tsatsar kwana goma ce. Ni da ban san komai ba sai tukunya, na san wannan tsatsa ta girmi aurensu.

Ya rubuta maka buhun gero, amma bai rubuta maka ni ba. Na ce ba za a ɗora mini ɗiya ba sai na gwada da ƙashina. Na hau muka yi har Mawashi muka dawo, mata na leƙe ta kan katanga. A wurin kwazazzabon nan na rufe ido ina jiran duka, sai na ji mun wuce. Na ce, "Mi ya faru, ka kauce ne?" Ya ce, "A'a Goggo, ta ciki muka bi."

Jamilatu ta zo awo ranar Laraba, ta sauka da ƙafarta tana dariya. Ka samu suruki, sai dai ko ba ka so ka sani.

Iyatu.

*

Kankia,
27 ga Yuni, 1998.

Adda,

Wa alaikumus salam. Ƙullinki ya iso.

Ranar da na buɗe shi ban ci abincin rana ba, ba zan ɓoye miki ba. Shekara tara ina wanke fulogi duk Asabar, ina canza mai kafin lokaci, ina goge wayoyin taya ɗaya-ɗaya, ashe akwai wurin da ban taɓa sa wa giris ba ko sau ɗaya. Yana ta ƙara tauri ina cewa ƙarfi ne. Bayana yana ciwo ina zagin hanya. Kuma wannan abin na ɗora ɗiyata a kai, na hana a taɓa. Wannan ne ya fi yi mini zafi.

Kwana biyu na ajiye zoben a ƙarƙashin tabarma. Rana ta uku na sa shi a aljihu na fita majalisa. Ɗanmaliki, wanda ya shekara talatin yana gyaran babura a garin nan, ya juya shi ya ce, "Wane bakanike ya gano wanga?" Na ce ba bakanike ba ne, surukina ne, malamin lissafi, da kara da turmi a tsakar gida. Ya ce ko shi da shoka zai fara zargi ya sa a sayi sabo. Tun ranar na nuna wa mutum ya fi ashirin.

Kada ki faɗa wa Salman na faɗi haka. Ki dai sa ido kada a sake fashin awo.

Ƙanenki,
Dawuda.

*

Kusada,
13 ga Agusta, 1998.

Dawuda,

Salamu alaikum. Ka yi alwala ka gode wa Allah, ka samu jika mace.

Mun shirya Jamilatu ta tare a wurina ranar Asabar mai zuwa, har na share mata ɗaki. Abin bai jira ba. Jiya da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ciwo ya kama ta, saura mako uku a lissafi. Babu mota, amalanken maƙwabta kuma ya tafi gona. Salman ya ɗora ta, wata maƙwabciya ta ɗaure ta a jikinsa da zani, ya kamo hanya a giya ta biyu. Ta ce mini salati yake ta yi har suka iso. Inda ruwa ya yanke hanya ya bi ta gefen gona, taya ba ta zame ba.

Ina cikin tankaɗe na ji tsayuwarsa a ƙofar gida, laka har gwiwa. Muka wuce asibiti, kafin azahar ta sauka. Jini ya ɗan zuba, suka tsayar da shi nan take. Ungozoma ta ce da a gida ne, da yanzu wata magana ake yi. Yarinyar ƙarama ce amma muryarta ta cika ɗaki, kuma ta kama nono.

Da na fito na same shi tsugune a gefen babur, yana shafa zaren nan na ƙafar gaba. Na ce masa an sauka lafiya, ya yi hamdala.

Suna ranar Laraba a Mawashi. Yana so ya zo ya ɗauko ka, amma ya ce ba shi da bakin da zai ce ka hau bayansa. Ni dai na isar.

Iyatu.

*

Kankia,
15 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Malam Salman,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Na ji yadda ka kai ta. Ba ni da abin da zan ce maka sai Allah ya yi maka albarka, kuma ina alfahari da kai, a gabanka da bayan idonka.

Ka zo ranar Talata bayan la'asar. Tun da na koyi babur ban taɓa zama a bayan kowa ba, amma zan zauna a naka. Na ƙara jiki tun da na ajiye aiki, sai ka duba matakin da ya dace. Ba zan faɗa maka ko na nawa ne ba, ka fi ni sani.

Babanka,
Dawuda.