Saba'in Cikin Ɗari

Talata, 7 ga Maris, 2023

Na bar zuwa wajen Likita Ostrander. Zama na shida cikin sha biyu, kuma shi ne na ƙarshe.

Ga maganin nata: in rufe ido in ba da labarin hanyar nan ta Iraƙi, tun fitowar ayarinmu daga sansani har lokacin da bam ya tashi da motar da ke gabana, ita kuma tana ɗaukar muryata a wayata. In na koma gida in saurari kaina kullum, minti arba'in, kamar mai koyon Faransanci. Yau ta ce, "Renita, kin tsallake wani wuri." Na ce, "Likita, shekara sha tara ina tsallake wurin nan, ban taɓa neman izininki ba." Ta ce in sake daga farko. Na ɗauki jakata. Lokacin da nake jan tankar mai a hamada ita tana firamare.

Na tsaya a hanya na sayi askirim, ƙarfe goma na safe. Wa zai hana ni?

Alhamis, 9 ga Maris

Na goge muryar daga waya. Na shuka tumatir a gwangwanaye shida, na jera su a taga.

Talata, 14 ga Maris

Talatar farko da ta zama tawa. Na wuni a baranda da littafin nan na Rashawa mai shafi ɗari takwas. Kowa a ciki yana shan azaba, amma ba wanda aka ce ya auna azabarsa daga ɗaya zuwa goma. Na ji daɗin zama da su.

Ina son gidan nan. Ƙarshen layi, hanya ta mutu a ƙofata, babbar mota ba ta da abin yi a nan. A duk garin Lawton nan ne kawai nake barci kamar mutum.

Asabar, 18 ga Maris

Yaya Verna ta kira daga Tulsa. "Kin daina? Ke dai ba abin da kike kai wa ƙarshe sai faɗa." Ta ce ɗakin bayanta yana nan in abin ya ci tura. Ɗakin da keken ɗinkinta yake, tagarsa tana kallon babban titi. Na ce na gode, Yaya, a gaida keken.

Laraba, 22 ga Maris

Wasiƙa daga ofishin 'yan mazan jiya. Za su sake duba ni ran 25 ga Afrilu, su ga ko har yanzu na lalace daidai yadda suka rubuta.

A takarda naƙasata saba'in ce cikin ɗari, a kanta suke biyana duk wata. Saba'in ɗin nan ita ke biyan gidan. Kuɗin aikin kwana uku da nake yi a laburare a mako na abinci ne da man mota. In suka mayar da ni talatin, sai ni da keken ɗinki.

Wai tuntuni ranar tana cikin tsarinsu, ba ruwanta da barina asibiti. Wai.

Juma'a, 24 ga Maris

Suyar tarwaɗa a zauren 'yan mazan jiya, kamar kowace Juma'a. Baba Odell Crump ne a kan kasko. Tsohon sojan yaƙin Vietnam ne, shekara saba'in da shida, an duba shi sau biyar, shi ya sa yake ganin kansa lauya. Na nuna masa wasiƙar, ya karanta da hannu duk mai.

"Saje, kin daina ganin likita ana saura mako bakwai a duba ki? Duk karatun nan naki ina yake zuwa?"

Na ce na samu sauƙi ne, Baba.

Ya waiga kamar na zagi tuta. "Rufa wa kanki asiri. Wannan kalmar ba a faɗinta a ɗakin nan."

Dokokinsa: kada in yi wanka ranar, kada in gyara gashi, kada in yi murmushi. In suka ce yaya kike, kada in kuskura in ce lafiya lau. "Abin da ke kashe mu ke nan. Soja ƙafarsa tana hannunsa, ka tambaye shi, ya ce lafiya lau, yallaɓai. Su kuma su rubuta. Ranarki mafi muni za ki kai musu, ba ta yau ba."

Kifin ya yi daɗi. Burodin masarar kamar bulo, na gaya masa.

Litinin, 27 ga Maris

Na kira ofishin. Wata mai sanyin murya ta ce ba a rage wa mutum don kawai ya daina ganin likita, amma mai dubawa fayil yake karantawa, kuma fayil ɗin da ya yi shiru yana kama da na wanda ya warke. Madalla. Ashe ciwo ma sai da rajistar zuwa, kamar makaranta.

Na haɗiye girman kai na kira asibiti, a mayar da ni ko don fayil ya yi motsi. An ba wani kujerata. Sai 6 ga Yuni. Na ce su rubuta, na kashe waya, na zagi firij.

Juma'a, 31 ga Maris

Mun yi gwaji a bayan zauren. Baba Odell ya ɗora gilashinsa a kan hanci, ya zama likita.

"Malama Gaddis, yaya kike yau?"

"Lafiya lau."

Ya jefe ni da tsumman kasko. Sau huɗu muna yi. Da na gwada fuskar tausayi ya ce na yi kama da mai ciwon haƙori da ke shirin kai ƙara. Muka yi ta dariya har kifi ya ƙone.

A ƙarshe ya ce, "Ba ki iya ƙarya da ka ba, Saje, sai dai a rubuce. Ki samu takarda. Duk abin da kika yi don gudun tuna abin nan, ki rubuta, har mako uku. In kin kawo sai mu ƙara masa gishiri."

Na ce takardar ba za ta cika rabi ba.

Litinin, 3 ga Afrilu

Na takardar Baba Odell. Zuwa laburare: mil huɗu ne ta ƙarƙashin gadar sama, ni ina bin ta bayan makabarta, mil goma sha ɗaya. Ina son itatuwan wajen ne. To, na dai rubuta.

Laraba, 5 ga Afrilu

Cefane ƙarfe shida na safe, kanti ba kowa. Haka nake yi tun, ban ma san tun yaushe ba. Na rubuta.

Tumatir biyar sun fito. Na shidan yana tunani.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Bikin Ista a coci. Na sa hular nan mai faɗi, matar fasto ta yaba da haƙora a cije. Bencin ƙarshe, bakin ƙofa, bango a bayana. Na fita kafin waƙar rufewa don kada cunkoso ya same ni a ƙofa. Shekara nawa ban ji ƙarshen waƙar nan ba?

Abu uku ke nan a rana ɗaya, kuma ranar farin ciki ce.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Baƙar ledar shara a gefen titi. Ban yanke shawarar komai ba, hannuna ne ya murɗa sitiyari. Sai ganina na yi a ɗaya layin, wata mata da yara biyu a baya ta taka birki har motarta ta karkace. Ta sauke gilashi ta yi mini zagi iri-iri. Duk ta yi daidai.

Na tsaya gaban shagon wanki minti ashirin.

Shara ce, ba bam ba. Na koma da ƙafa na duba.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ba na son takardar nan.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Na karanta wa Baba Odell, shafi uku da rabi. Bikin 'yar Yaya Verna da ban je ba saboda titin Tulsa. Makon wasan wuta na bikin 'yancin kai a Yuli da nake yi a bandaki da rediyo. Gurbin ma'aikaciyar dindindin da laburare suka ba ni sau biyu na ƙi, don teburin yana juya wa ƙofa baya. Ledar.

Ya juya kifi, ya sake juya shi ba dalili.

"A ina kika sa gishirin?"

"Ban sa ba tukuna."

Ya rage wutar kasko. Sannan ya ce, "Bar shi haka, 'yata." Ya ɗora mini kifi na uku a faranti, ya ce in na faɗa wa kowa zai musa.

Talata, 25 ga Afrilu

Na yi wanka. Na sa rigar nan ruwan ɗorawa da jan baki. In za su ƙwace gidan, su ƙwace shi daga hannun mace mai tsabta.

Mai dubawar wani dattijo ne mai tari, idonsa a kan kwamfuta. Ya ce, "Yaya kike yau?" Na ce, "Lafiya lau." Wallahi kafin in ji ta, ta fita. Na ga yatsunsa sun motsa. Na ce, "Dakata, Likita, wannan gaisuwa ce. Ga amsar." Na fito da takardar na karanta masa duka, da muryar da nake karanta wa tsofaffi jarida a laburare. Ya tambayi dalilin da na bar magani. Na ce don yana da zafi, kuma ina da baki.

Minti talatin da biyar. Ya ce za su rubuto.

Laraba, 10 ga Mayu

Shiru. Na shuka kuɓewa a bayan gida, ko ni zan ci ko wani. Mai kawo wasiƙu ya fara gudun ido da ni.

Alhamis, 25 ga Mayu

Saba'in. Wasiƙar ta zo, ba a rage komai ba. Gidan yana nan.

Na yi rawa a kicin, na kira Yaya Verna na ce ta saki jiki da ɗakinta. Na kira Baba Odell, ya ce koyarwarsa ce.

Sai na zauna na karanta sauran shafukan, don ni ba na barin rubutu. Shafi na uku: "Babu alamar samun sauƙi, kuma ba a sa ran samunsa." Ba a sa rai. Wani mai tari ya gan ni minti talatin da biyar, ya rufe ni kamar fayil ɗin mamaci. Shekarata hamsin da ɗaya. Kakata ta kai casa'in da huɗu tana faɗa da maƙwabta.

Wannan layin ne ya biya mini gida, na sani. Na karanta shi sau tara, kowane karo sai na ƙara jin haushi.

Talata, 6 ga Yuni

Na manta ban soke ganin Likita Ostrander ba, kuma rashin ladabi ne a ƙi zuwa ba sanarwa. Na je ne in nuna mata shafi na uku, ta ga irin rubutun da abokan aikinta suke yi.

Ta karanta. Ta yi aski, bai yi mata kyau ba.

Na ce, "In mutum ya gama sha biyun nan ya samu sauƙi, wani mutum, ba ni ba, za su rage masa?"

Ta ce, "Mai yiwuwa ne, wata rana. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Gidansa fa?"

"Ban sani ba, Renita."

Ko ɗan lallashi babu. Na zauna ina kallon takalmina. Na yi tunanin teburin nan na laburare, ko za su yarda a juya shi. Ta ce tunda na zo, kuma awar tawa ce, ko mu ɗora daga inda muka tsaya. Na ce wayata ba caji sosai. Ta miƙo mini abin cajinta.

Ba komawa na yi ba. Ban gaya wa Baba Odell ba, babu abin faɗa.

Talata mai zuwa ma ƙarfe tara ne. Na rubuta a nan ne kawai don kada in sa wani abu a lokacin.