Ranar da Bas Ta Tafi da Rashida

Kaura Namoda,
15 ga Maris, 2001.

Zuwa ga Yaya Jafaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ladidi da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida.

Yaya, ga abin da ya same mu. Ranar Litinin 'yarka Rashida ta tafi makaranta, aka yi la'asar ba ta dawo ba. Na bi gidajen ƙawayenta ko takalmi babu a ƙafata. Da mai gidana Malam Maccido ya sami hedimasta, sai ya ce wai ƙungiyar nan mai zaman kanta da ke koya musu kwamfuta ce ta kwashi yara goma sha biyu a bas zuwa Gusau, wurin wata gasa. Ba wanda ya tambaye mu. Malam ya ce a ina za su sauka. Hedimasta ya ce shi ya ɗauka ofishin ilimi ya sani. Washegari iyaye suka je ofishin, aka buɗe fayil-fayil, ko sunan ƙungiyar babu.

Kwana biyu ban iya haɗiye ko fura ba. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na leƙa. Ranar Laraba da hantsi sai ga ta, tana murna wai sun zo na biyu. Na rungume ta ina kuka, ita ko tana mamakin abin da ya same ni. Lafiyarta lau, Yaya, amma da wani abu ya faru a hanya, wa za mu kama?

Yanzu ofishin ya dakatar da darasin sai an bincika su. 'Yan ƙungiyar kuma jiya sun aiko wa iyaye wata takarda da Turanci, wai mu sa hannu. Rashida na roƙona, don tana son karatun, ni ma ba na son in tauye ta. Ga takardar nan na haɗo maka. Don Allah ka karanta ta layi-layi, ka rubuto mana abin da ke ciki da Hausa. Na ɓoye biro da tawadar dangwale, ba mai taɓa su sai amsarka ta iso.

Ka gaishe da Ladidi da su Imrana. Inna da Malam suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Uwani