Kafin a Taɓa Idon Baba

Boɗinga, 2 ga Disamba

Zuwa ga babban ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kana lahiya. A takarda na rubuta, innarku za ta ɗauki hotonta ta turo maka, don ni ban yin magana mai nauyi ta waya.

Wata goma sha ɗaya ke nan kai da ƙanwarka Bara'atu ba ku ga maciji, wai don ba ka je sunan ɗanta ba, ita kuma ta yi maka gori gaban dangi. Kuna ƙasa guda, kun bar ni da jin kunya. Likita a Sakkwato ya ce ran ashirin ga wata za a cire mini yanar ido, kuma bai yi alkawarin zan gani bayan nan ba. Ina son in ga hotonku tare kafin a taɓa idona.

Ka tashi ka tai Winnipeg, garin da take. Kada ka yi mata waya, zumunta a ƙafa take. Babba juji ne.

Mahaifinka,
Malam Manu

Saskatoon, 4 ga Disamba

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya,

Ina gaishe ka da Inna. Maganar idonka ta tayar mini da hankali ƙwarai.

Amma Baba, wannan "ƙasa guda" da kake faɗi! Daga nan zuwa Winnipeg tafiyar awa takwas ce a mota, ta fi Sakkwato zuwa Abuja, ba irin hawa babur daga Boɗinga zuwa Dandin Mahe ba ne. Hanya ce miƙaƙƙiya, babu tudu babu kwana, sai gonakin alkama da ƙanƙara ta rufe, ƙasa shimfiɗe kamar faifai. Garin nan sai na jona motata da wutar lantarki take yarda ta tashi da safe. Ranar sunan ma hukuma ce ta rufe hanya. Na faɗa wa Bara'atu, ta ce wanda ya so zuwa ya zo. In zo ta sama?

Ni aka yi wa rashin kunya, ni kuma zan bi ta. To, na ji. Na roƙi hutun kwana biyu a kamfanin irin shuka da nake aiki. Asabar zan kama hanya, kuma ba zan yi waya ba.

Ɗanka mai biyayya,
Zayyanu

Winnipeg, 7 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa. Daga masaukin baƙi nake rubutu, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Na fito bayan sallar asuba. Na yi azahar a gefen titi, goshina kamar an ɗora shi a kan ƙarfe. Sau biyu barewa ta kusa jefa ni rami. Na iso da la'asar sakaliya da tsarabar yaro a hannu, na yi ta buga ƙofa kamar mai bara. Shiru. Can wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta leƙo ta ce ai tun da sassafe suka ɗora kaya a mota, ita da mijinta Kamilu da jaririn, sun tafi ganin ɗan'uwa.

Wane ɗan'uwa gare ta a ƙasar nan ban da ni? Ka ga irin halin nata ko? Ni dai na fita haƙƙinka.

Zayyanu

Yorkton, 8 ga Disamba

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, ina yi maka ya jiki. Amma yau sai na yi ƙorafi, ko da za ka ce na yi tsaurin ido.

Ashe wasiƙa biyu ka rubuta! Ni ka ce mini ƙarami ke bin babba, in tafi Saskatoon in ba Yaya haƙuri, kada in yi waya. Shi ka ce masa ya zo Winnipeg, kada ya yi waya. Asabar guda muke da hutu, hanya guda ce. Mun wuce juna a titi, Baba! Awa tara da goyo, takwaranka yana tsala ihu, muka tarar da gida a kulle. Na zauna a mota na yi kuka don takaici.

Kamilu ne ya ce shi ba a hana shi waya ba, ya kira Yaya. Yau muka haɗu a Yorkton, wani gari a tsakiya, a ɗakin shan shayi na gidan mai. Ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, "Ke, wa ya ce ki hito da yaro cikin sanyin ga?"

Na ce, "Wanda ya ce ka taho."

Ya ciro wayarsa, na ciro tawa, muka jera wasiƙun nan biyu a kan tebur. Ka gafarce mu, awa guda muka yi muna mitarka, kuma shi ne abu na farko da bakinmu ya zo ɗaya a kansa cikin wata goma sha ɗayan nan. Maganar suna ko tashi ba ta yi ba. Yaron ya miƙa masa hannu, Yaya ya ɗauke shi, har yanzu ya ƙi ba ni shi.

Ga hoton nan, mai sayar da shayin ce ta ɗauke mu. Dubi yadda idanunmu suka yi ja, aikinka ne.

Ɗiyarka,
Bara'atu

Boɗinga, 19 ga Disamba

Ku biyu,

Assalamu alaikum. Biyu na rubuta don na san ku, na zaci ɗaya zai ƙi. Ban san na haifi masu jin magana haka ba.

Hoton ya iso. Kwana goma ina kai shi gaban taga, ina kusanto shi, ina nesanta shi. Ban gane fuskar kowa ba, idon ya riga ya wuce nan. Inuwa biyu na gani sun jingina da juna, da wata 'yar ƙarama a tsakani. Abin da na nema ke nan.

Gobe za mu Sakkwato. Allah shi yi muku albarka. Daga yau ku riƙa yin waya.

Mahaifinku,
Malam Manu