Baturana a Akwatin Vilmos

Eger, watan Satumba

Yaya Etelka,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki. Ina fata kina lafiya, da maigidan da jikoki. Yaya gwiwar? Kin je wajen likita, ko har yanzu man shafawar maƙwabciyarki kika riƙe? Mu lafiya ƙalau, Piroska tana gaishe ki.

Ranar Lahadi muka dawo daga tafkin Tisza, ni kuwa da fushi na dawo. Tsofaffin baturan 'yar tirelar nan da muke ja da mota muna kwana a ciki sun kunyata ni. Ba mu daɗe da sauka ba wuta ta ɗauke, firij ya huce, kifin da na kama ya fara wari tun Piroska ba ta ɗora tukunyar miya ba. Bandi, mai tirelar da ke kusa da tamu, ya leƙo yana toshe hanci, ya ce, "Kai Lajos, zamanin Vilmos ba mu taɓa shaƙar wannan turaren ba!" Kowa ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa iya baki ta tsaya.

Kin san yadda zancen yake. Vilmos ya rasu, na auri Piroska, matar da ya bari, amma a bakin tafkin nan har gobe "tirelar Vilmos" ake cewa. Shi ya saye ta, shi ya kafa mata kantoci, shi ya zaɓi gindin bishiyar da muke tsayawa. Ni dai direba ne mai zuba mai. Saboda haka na sa a kawo mini batura biyu na litiyam, irin na zamani: ba nauyi, ba zuba musu ruwa, ga riƙe caji. Ina so a samu ko da abu ɗaya a cikin tirelar nan da za a nuna a ce aikin Lajos ne.

Ki gaishe mini da kowa, ki kuma rage hawa bene.

Ƙaninki,
Lajos

Eger, watan Oktoba

Yaya Etelka,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga saƙonki. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Kin ce tsufa ya zo mini da rigima, to, ki bari ki ji sauran.

Batura sun iso, amma gida ya rikice a kan inda za a ajiye su. Tsofaffin a akwatin gaba suke zama, a waje, kusa da tukunyar gas. Waɗannan kuwa ba su son sanyi. Idan ƙanƙara ta sauka aka yi musu caji lalacewa suke yi, mu kuma har ƙarshen kaka muke zuwa kamun kifi. Dole su shigo ciki. A ciki ma ba ko'ina ba: ana so su zauna ƙasa-ƙasa, a tsakiya daidai kan tayoyi, kusa da na'urar caji don kada wayoyi su yi tsawo. Na auna, na sake aunawa, wuri ɗaya ne ya cika duk sharuɗɗan nan, wato akwatin da ke ƙarƙashin bencin cin abinci.

A nan kayan Vilmos suke, Piroska ta taɓa lissafa mini su. Suwaitarsa mai kauri, malafarsa, kofinsa na ƙarfe, takalman roba, gwangwanin ƙugiyoyi. Tun da na shigo rayuwar Piroska ban taɓa ganin ta buɗe akwatin ba, ban kuma taɓa ganin ta bari wani ya buɗe ba.

Ta ce, "Sa su a ƙarƙashin gado mana, ɓangarenka. Ban da tsofaffin jaridu me ke wurin?"

Na ce gado a can baya yake, kuma nauyi a baya shi ke sa tirela rawa a kan titi har ta kifar da mota.

Ta ce, "Ikon Allah! Batirin da ka ɗaga mini da hannu ɗaya kana taƙama, shi ne yau zai kifar da mota? Lajos, dube ni nan. Batir ne ke son wurin, ko kai?"

Na ce batir ne. Na ɗauko sikelin banɗaki na sa a ƙarƙashin ƙarfen da ake haɗa tirelar da mota, na yi ta nuna mata lambobi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, Yaya, ko wane makanike zai shaida. Amma ke ba zan ɓoye miki ba: da na ga awo ya faɗa kan akwatin nan, wani daɗi na ji har cikin raina. Kishi nake yi, kishi da mutumin da ke kwance a maƙabarta. Da mai rai ne, da wata rana zai yi tumbi, ko ya yi minshari, ko ya manta ranar haihuwarta. Wannan kuwa ya gama laifi, kullum ƙara kirki yake yi.

Ta daina yi mini dogon zance. Abinci dai ana ba ni. Baturan suna nan a falo cikin kwalinsu, muna zagaye su kamar baƙin da ba a san ɗakin da za a sauke su ba.

Ki sa mu a addu'a, amma kada ki kira ta, don na san bayanta za ki bi.

Naki,
Lajos

Bakin tafkin Tisza, watan Nuwamba

Yaya Etelka,

Ina gaishe ki daga cikin sanyi, da fatan kun sami itacen hunturu da wuri. Yaya tarin maigidan? A ce masa ya bar fita ba hula.

Na ci nasara. Wata safiya na fito na tarar Piroska ta kwashe akwatin da kanta, ta goge shi tas. Ta ce, "Ga shi nan, injiniya, shigo da 'ya'yanka." Na yi aiki mai kyau, ba yabon kai ba. Na ɗaure su da maɗauri biyu, na ja wayoyi masu kauri, na sa fis mai yanke wuta idan ta yi yawa, na huda ƙananan ramuka don iska ta shiga. Muka jawo tirela har nan ko girgiza ba ta yi ba. Wuta ba ta ƙifta ba tun zuwanmu, firij sai sanyi yake zubawa. Bandi ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe, ya tashi ya ce, "Shege Lajos, ashe kana da hannu!" Na jima ban ji magana mai daɗin wannan ba.

Ni a zatona kayan Vilmos sun tafi ɗakin ajiya a gida. Da muka iso sai na ga ta fito da jaka. Na tambaye ta, ta ce, "Kayan tafki ne, me za su yi a gida? Kai ka tashe shi daga wurinsa, ai sai a nema masa wani."

Kin san tirela ba ta da faɗi. Malafar tana rataye a ƙusar da ke saman tebur, daidai inda nake ɗaga kai. Takalman suna bakin ƙofa kusa da nawa, sun kuma fi nawa girma. A kofinsa take shan shayi. Suwaitar kuwa a jikinta take tun safe, wai ta fi duk nata ɗumi. Bandi da matarsa suna ganin malafar suka shigo suka zauna. Da can batir kan mutu da wuri kowa ya watse, yanzu kuwa fitila tar, sai a yi ta hira: ranar da Vilmos ya faɗa ruwa, ƙaton kifin da Vilmos ya kama, miyar da Vilmos ya cika wa barkono. Ni ke zuba musu abin sha. Da ma na bar shi a ƙarƙashin benci, aƙalla a kansa nake zama in ci abinci.

Da a ce da gayya take yi, da na samu abin faɗa. Ba gayya ba ce. Yau da safe ina duba cajin batura ta zo ta tsaya a bayana, ta ce, "Lajos, na gode. Tun da ya tafi na kasa ɗaga murfin nan, tsoro nake ji. Ba don rigimarka ba, da har in mutu ban buɗe ba." Sai ta rungume ni. Fuskata ta nutse a cikin suwaitar, har yanzu da ɗan warin tabarsa.

Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta kwanakin nan ba, Yaya. Tana waƙa tana wanke kifi. Tun da na aure ta nake neman abin da zan yi in ga wannan fuskar, ga shi na gani, kuma na san ba ni take tunawa ba idan tana murmushin. Na ce mata ba komai. Me zan ce?

Ki gaishe da yara. Kada ki ba maigidan labarin nan, dariya zai yi mini.

Ƙaninki,
Lajos