Na Ba Ƙanena Labarin Kirana, Yanzu Ni Ce Zan Zama Ɓarauniya

Salama gare ku, Anti mai shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Na san yawancinku Musulmi ne, ni kuwa Kirista ce 'yar Metodis daga Taraba, amma na daɗe ina bibiyar shawarwarinku, kuma a cocinmu na nan Doha in ka faɗa wa mutum ɗaya magana, kafin ka hau mota ta isa Jalingo. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Shekaruna talatin da takwas, tara daga ciki a Doha na yi su, ina gyaran ɗakuna a wani otal a Lusail. Mu biyu Mama ta haifa, ni da ƙanena, bari in kira shi Bitrus. Shi aka tura jami'a, ni na tsaya a difloma, ban kuma taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Ina da shekara sha tara wani abu ya faru a ƙauyenmu. Da damina kogi ya cika ya raba mu da garin da fasto yake zaune, sai wata tsohuwa, Kaka Saratu, ta rasu. An haƙa kabari, an sa ta, maza suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna, ba mai iya karatu, ba mai son fara addu'a. Ni dai ban san lokacin da na karɓi Littafi Mai Tsarki daga hannun wani dattijo ba. Na karanta, na yi addu'a, aka rufe ta. Lahadi biyar ina jan sujadar coci kafin ruwa ya janye. A bakin kabarin nan na san Allah ya kira ni aikinsa. Bitrus kuwa yana makarantar kwana a lokacin, ko ƙasar kabarin bai gani ba.

Shekara huɗu da suka wuce ya kira ni, ya gaji da yawon neman aiki. Wai ya samo wata makarantar tauhidi ta Metodis a Amurka, a cikin wata babbar jami'a take, sai mai digiri ake ɗauka. Shekara uku ake yi, ana koyon Helenanci, wato yaren Girka, da Ibrananci, tarihin ikilisiya, wa'azi, har asibiti ake tura ɗalibi ya koyi zama da marasa lafiya, kuma suna ɗaukar nauyin wasu. Yana lissafawa, ni ina jin kamar ana karanto mini abin da na daɗe ina roƙo. Sai ya ce, "Yaya, abu ɗaya ya kakare mini. Sun ce in rubuta yadda Allah ya kira ni. Ni me zan rubuta? Rashin aiki ne ya kira ni." Muka yi dariya. Daga nan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki ara mini na Kaka Saratu mana."

Bai tilasta ni ba, gara in faɗi gaskiya. Na ce a raina, ni da ba ni da digiri, ina ni ina Amurka? Ranar hutuna na zauna a ɗakinmu na unguwar Al Thumama na rubuta masa shafi uku, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar na sa, na mayar da mai labarin yaro ɗan shekara sha biyar. Da hannuna na yi wa makarantar Allah ƙarya, ina jin daɗi wai na iya rubutu. Suka ɗauke shi, suka ɗauki nauyinsa kaf.

Tafiyarsa ce ta hana ni sukuni. Zai turo hoto yana tsaye a ɗakin karatu mai hawa-hawa, ni ina durƙushe ina wanke bahon wani baƙo. Baƙin ciki ne ya sa na yi rajistar digiri ta intanet, ba wani himma ba. A motar ma'aikata nake karatu safe da yamma, har direbanmu Malam Sani, wani Bakatsine mai barkwanci, ya laƙaba mini Malama. Kullum sai ya ce, "Malama, yalla, a rufe littafi, gadajen Larabawa na jira." Bana na gama. Ranar Juma'a, da yake ranar ce muke zuwa coci a nan, bayan sujada a unguwar Abu Hamour matan zumuntarmu har rawa suka yi mini.

Na buɗe shafin makarantar nan don in cike fom, me zan gani? Fuskar Bitrus a gaba, cikin kwat, a bidiyon da suke tallar makarantar da shi. Yana ba da labarina da Turanci, yana ɗan dakatawa yana share ido daidai inda na sa aya. Har ƙari ya yi, wai sai da ya yi iyo ya haye kogin. Bitrus da ko a kwano ba ya son ruwa ya wuce masa gwiwar hannu. Na sauka ƙasan shafin na ga tambayar farko a fom, ita ce dai: ki ba da labarin kiranki.

To wanne zan bayar? In na rubuta nawa, malaman da suka haddace shi daga bakinsa za su ce yayar ta kwafi ƙanenta, ta ma kasa canja sunan tsohuwar. In na yi musu bayani, sun san ɗalibin da suke alfahari da shi da ƙarya ya shiga, kuma magana za ta kai ga bishop, ga shi saura wata biyu a keɓe shi ya zama rabaran.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, ki rubuta wani mana. Shekara tara a Doha, a ce ba abin da ya same ki?" Na ce, "Bitrus, sau ɗaya aka kira ni." Ya ce, "Ai ke kika ba ni, ban ƙwace ba. Yanzu so kike ki tozarta ni?" Na kira Mama ina kuka, don ita tana wurin ranar da aka binne Kaka Saratu, ita ta riƙe mini zane da iska ta taso. Ta ce, "Ciki ɗaya kuka fito, in ya zama rabaran gidanmu ne ya zama. Ke me za ki yi da labari a can? Ba gado kike gyarawa ba?" Wannan maganar har yau tana ci na a rai.

Kunya ta biyu ita ce na gwada bin shawararsa. Na ƙirƙiro wata baƙuwa marar lafiya da wai na yi wa addu'a a otal, na kai shafi ɗaya da rabi, sai na ga ƙarya ta biyu nake shirin kai wa makaranta ɗaya, na goge. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, Bitrus ɗin ya gyaru. Na saurari wa'azinsa ina neman aibu ban samu ba, mutanen gida suna cewa tun da ya dawo ba ya gajiya da duba marasa lafiya. Shin Allah ya karɓi ƙaryar ne ya bar mai gaskiyar tana ninke tawul?

Na ba Malam Sani labarin a matsayin na wata ƙawata. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Ki ce wa ƙawar taki kayanta ne, ta ɗauka, khalas, shi ke nan. Amma ta duba zuciyarta, makarantar take so ko faɗuwar yaron?" Ni kuwa wallahi duka biyun nake so, wata rana ma na biyun ya fi ƙarfi.

Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar fom. In na faɗi gaskiya, na rushe ƙanena, Mama ba za ta yafe mini ba, kuma wataƙila ni ma su ƙi ni, tunda ni na rubuta ƙaryar. In na yi shiru, zan tsufa ina tura keken zannuwa a otal, shi yana kan bagaden coci da abin da Allah ya ba ni. Ku da ba ku san ni ba, ba ku san shi ba, ku gaya mini tsakani da Allah.

Me zan yi?